Darasin Shekara: Haƙƙin Ɗalibi Mai Naƙasa a Dukiyar Zakka da Waƙafi

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya wa mabuƙaci haƙƙi sananne a dukiyar mawadaci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, al'adar wannan rahoto ce kowace shekara mu keɓe wasu shafuka, bayan lissafin shiga da fita, domin nazarin mas'ala ɗaya da ta taso mana a wurin aiki. Mas'alar bana ita ce ta ɗalibai masu naƙasa da suka kai manyan makarantu: jami'a, ko kwalejin ilimi, ko kwalejin fasaha. Me suke buƙata, wa nauyinsa ya rataya a kai, kuma daga wace dukiya ya halatta mu biya?

Dalilin wannan darasi

Kuskurenmu ne ya jawo shi. Wani matashi makaho da ya sami gurbin karatun shari'a a wata jami'a ya nemi taimakon gidauniya. Da takardarsa ta zo gaban kwamiti, sai aka ga kalmar makanta, aka saka sunansa cikin jerin masu karɓar hatsin azumi. Ya zo ya karɓa, ya yi godiya, sannan ya ce mana cikin ladabi abinci ba shi ne matsalarsa ba, domin yayansa yana ciyar da shi. Abin da ya rasa shi ne hanyar karanta takardun da malamai suke rabawa, ga shi jarrabawa tana matsowa. A nan ne muka lura cewa takardar neman taimakon da muka buga ba ta da gurbin irin wannan buƙata, kuma shi kansa sai da ya nemi wanda zai cike masa ita, ya tona wa wani asirin gidansu kafin ya iso gare mu. Ofishinmu kuwa a saman bene yake, da a ce gurgu ne ya zo da sai dai a ɗauko shi.

Da muka kawo shawarar saya masa kwamfuta, sai tambayoyi suka biyo baya. Wasu daga cikin masu ba mu amanar zakkarsu suka ce, shin kwamfuta tana cikin abin da ake saya da zakka? Wani kwamitin masallaci ya ce, idan haka ne, ko za su iya gina gangaren keken guragu a ƙofar masallacinsu da kuɗin zakka? Tambayoyi ne na mutanen da suke tsoron Allah a kan dukiyarsu, kuma sun cancanci amsa mai dalili.

Abin da ɗalibin yake fuskanta

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tasiri. A Arewa muna da namu ƙarin dalilin kula. A shekarar 2006 kaɗai an sami yara fiye da 1,000 da shan inna ta kama a Nijeriya, mafi yawansu a jihohinmu. An sanar da kawar da cutar a watan Agustan 2020, amma yaran da ta taɓa a wancan lokaci su ne samari da 'yan matan da suke neman shiga manyan makarantu a yau.

Buƙatun ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su shi ne yake sa a kashe kuɗi a inda bai yi amfani ba.

Ɗalibi makaho matsalarsa ta farko ita ce rubutu. Rubutun makafi, wanda Louis Braille ɗan ƙasar Faransa ya ƙirƙiro a ƙarni na 19, an gina shi ne a kan ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa, kuma akwai tsarinsa na Larabci wanda ake buga Alƙur'ani da shi. Amma yana cin takarda ƙwarai, littafi guda yakan koma mujalladai da dama, takardar kuma mai kauri ce ta musamman. Saboda haka yawancin ɗaliban manyan makarantu sun fi dogara da manhajar da take karanta abin da yake fuskar kwamfuta da murya. Akwai ta saye, kamar JAWS, akwai kuma NVDA wadda kyauta ce; wayoyin hannu ma suna da irin nasu, TalkBack a Android da VoiceOver a iPhone. Sai dai manhajar haruffa take karantawa, ba kasafai take karanta hoton shafi daidai ba. Idan malami ya ɗauki hoton takarda ya tura wa aji, kowa ya samu ban da makaho, alhali da ya tura ainihin rubutun da ya buga da ba a kashe ko kwabo ba. A ɗakin jarrabawa kuwa ɗalibin yana buƙatar tambayoyi ta hanyar da zai iya karantawa, da ƙarin lokaci, da na'urar rubutu ko amintaccen marubuci.

Ɗalibi kurma yana ganin allo, amma laccar awa biyu tana wuce shi in babu tafinta. A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa suke yi a gida da kasuwa daban take da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, domin ita ta makaranta tushenta daga ta Amurka ne, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Maƙwabcin da ya iya hira da kurma a unguwa ba lalle ne ya iya fassara darasin kimiyyar sinadarai ba. Tafinta sana'a ce, albashi take buƙata kowane wata. Na'urar ƙara ji ma ba a saye ta kamar tabarau a kasuwa. Sai likitan kunne ya gwada, ba kowane kurma take yi wa amfani ba, kuma batirinta yana ƙarewa.

Ɗalibin da yake tafiya da keke ko sanduna gini ne yake hana shi. Aji a hawa na biyu, ɗakin karatu mai matakala, banɗaki mai ƙuntatacciyar ƙofa, tazarar da take tsakanin ɗakin kwana da tsangaya, da kwata marar murfi a lokacin damina. Ƙa'idar da magina suke bi wajen yin gangare ita ce ɗaya bisa 12: duk tsayin mita ɗaya yana buƙatar gangare mai tsawon mita 12. Abin da ya fi haka miƙewa mai keke ba zai hau shi kaɗai ba, saukowa kuwa haɗari ne.

Akwai kuma waɗanda ido ba ya ganin larurarsu da sauri: mai sikila da ciwo kan kayar da shi a makon jarrabawa, da mai farfaɗiya, da mai taɓin ƙwaƙwalwa da yake shan magani, da zabiya wanda ganinsa yake da rauni, fatarsa kuma ba ta jure rana. Waɗannan sau da yawa abin da suke nema sassauci ne: kujerar gaba, rubutu mai manyan haruffa, damar sake jarrabawar da rashin lafiya ta hana, da kuɗin magani.

Abin lura shi ne ba a neman a rage wa ɗayansu darasi ko a sauƙaƙa masa tambaya. Ma'aunin cin jarrabawa ɗaya ne ga kowa. Hanyar isa ga darasin ce ake gyarawa.

Abin da doka ta ɗora wa hukuma

Kafin mu taɓa dukiyar amana, wajibi ne mu san abin da yake haƙƙin ɗalibi a kan hukuma, don kada mu biya bashin da yake kan wani. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018. Dokar ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta wajabta wa makarantun gwamnati, har da manya, su zama masu karɓar kowa, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar don gyara gine-ginen jama'a, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, ta sanya tarar naira miliyan ɗaya ga ma'aikatar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. A ƙarƙashinta aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa a 2020.

Hukumar JAMB kuma, tun 2017, ta kafa kwamiti na musamman a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda yake shirya wa makafi jarrabawar shiga manyan makarantu a cibiyoyi na daban, har da Kano. Game da littattafai, Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba da damar mayar da littafi zuwa sigar da makaho zai iya karantawa, matuƙar ba don kasuwanci ba. Ƙwararru ma akwai su: Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da take Oyo, da sassan ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da Jami'ar Ibadan, duk suna yaye malamai a wannan fanni.

Ma'anar wannan ita ce, gyaran ginin makarantar gwamnati da ɗaukar tafinta nauyin hukuma ne tun asali. Aikinmu na farko shi ne mu taya ɗalibi rubuta wa makarantarsa yana neman haƙƙinsa. Amma zangon karatu ba ya jiran a amsa wasiƙa, kuma a wannan tsakani ne dukiyar al'umma take shigowa.

Asalin al'amarin a Sunna da tarihi

Suratu Abasa ta sauka ne a kan ɗalibi makaho. Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya zo neman ilimi a lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake kiran manyan Ƙuraishawa, sai Allah Ya saukar da ayoyin da suka fifita mai neman shiriya da gaske a kan mai ganin ya wadatu. Daga baya wannan sahabi ya zama ladani tare da Bilal, kuma Annabi ya riƙa wakilta shi a Madina idan zai fita. Wasu masu tarihi sun ƙirga hakan sau 13. An ba shi amana ne gwargwadon cancantarsa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Itban ɗan Malik, da ganinsa ya yi rauni, ruwa kuma yana raba shi da masallacin mutanensa, ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wurin da zai mayar masallaci, Annabi kuwa ya tafi tare da Abubakar ya yi masa. Muslim kuma ya ruwaito labarin makahon da ya nemi rangwamen barin jam'i saboda rashin ɗan jagora, da aka tabbatar yana jin kiran salla sai aka umarce shi ya amsa. Idan aka haɗa hadisan biyu, darasin a fili yake: ana sassauta wa mai uzuri hanya, amma ba a so a cire shi daga cikin jama'a. A hadisin Abu Zarri an ƙirga yi wa mai raunin gani jagora, da fahimtar da kurma magana, cikin ayyukan sadaka.

Magabata sun mayar da wannan tsari na hukuma. Masu tarihi sun ambaci cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan hijira, ya sanya wa makafi 'yan jagora, ya sanya wa guragu masu hidima daga baitulmali, an kuma ruwaito makamancin haka daga Umar ɗan Abdul'aziz. A Azhar ta Masar an gina zawiyar da aka keɓe wa ɗalibai makafi a ƙarni na 18, wadda waƙafi ya riƙa ciyarwa. Amfanin da al'umma ta girba kuwa muna cin sa har yau. Ƙatada, babban malamin tafsiri cikin tabi'ai, makaho ne. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, muftin Makka a zamaninsa, an siffanta shi da gurgunta da shanyewar hannu. Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 590 bayan hijira, makaho ne, kuma duk mai karatun ƙira'o'i bakwai a Kano ko Sakkwato da littafinsa yake karatu. A ƙasarmu akwai Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama da digirin girmamawa. Da mutanen zamaninsu sun miƙa musu ƙoƙon bara maimakon littafi, da asarar a kanmu ta faɗo.

Wace dukiya za ta ɗauki wane nauyi

Wannan shi ne jigon darasin. Bayan nazari da tuntuɓar malaman da suke ba gidauniya shawara, ga matsayar da muka tsaya a kai.

Na farko, zakka. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka kashi takwas: faƙirai, da miskinai, da ma'aikatan zakka, da waɗanda ake lallashin zukatansu, da 'yanta bayi, da masu bashi, da tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Naƙasa ba ta cikinsu. Makaho mawadaci ba ya cin zakka, hasali ma shi ake karɓa a wurinsa. Abin da yake shigar da ɗalibi cikin masu haƙƙi shi ne talauci ko bashi, kamar kowa. Sai dai naƙasa tana da tasiri ta fuska biyu. Tana ƙara gwargwadon abin da zai wadatar da mutum: ɗalibai biyu da iyayensu suke samun kuɗi daidai, ɗaya zai iya zama mai wadata, ɗayan kuma mabuƙaci, domin shi karatunsa ba ya yiwuwa sai da na'ura da ɗan jagora da kuɗin abin hawa. Kuma tana kawar da shubuhar hadisin da ya hana zakka ga mai ƙarfi mai iya nema, ko da yake malamai da yawa, ciki har da Imam Nawawi, sun halatta ta ga matalaucin da ya shagaltu da ilimi mai amfani ko da lafiyarsa ƙalau.

Dangane da kwamfuta, malaman fiƙihu sun daɗe da ƙirga littattafan mai ilimi da kayan aikin mai sana'a cikin buƙatu na asali. Malikiyya suna ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, Shafi'iyya kuma sun tafi har ga ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikin da zai dogara da kansa. Kwamfutar ɗalibi makaho ita ce alƙalaminsa da littafinsa, kamar yadda keke yake ƙafar gurgu. Don haka ya halatta, da sharaɗi guda: zakka mallakawa ake yi. Ko dai a damƙa masa kuɗin, ko ya wakilta gidauniya ta saya masa da izninsa bayyananne, kayan kuma su zama nasa, ba a karɓe su idan ya gama ko ya faɗi jarrabawa. Haka kuɗin tafinta ko mai karanta masa littafi: a ba ɗalibin ya biya, ko a biya da wakilcinsa.

Akwai wata mas'ala da kwamitoci suke yawan mantawa. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala, ciyar da ɗa namiji yana faɗuwa daga kan uba idan ya balaga, sai fa idan ya balaga da larurar da take hana shi nema, to nauyin yana nan. 'Ya mace kuwa sai mijinta ya tare da ita. Saboda haka idan uban ɗalibi mawadaci ne, shi za a fara yi wa nasiha, kuma ba ya halatta ya ƙirga abin da ya wajaba a kansa cikin zakkarsa. Idan yana iya ci da sha amma na'ura ta fi ƙarfinsa, zakka tana cike abin da ya rage.

Na biyu, waƙafi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce ta Khaibar, wadda Annabi ya shawarce shi ya tsare asalinta ya sadaukar da amfaninta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Duk abin da ɗalibai za su yi tarayya a kansa, wannan ya gama wancan ya ɗauka, gurbinsa waƙafi ne: na'urar buga rubutun makafi, da na'urar mayar da shafi zuwa rubutun da kwamfuta take karantawa, da ɗakin naɗar littattafai da murya, da keke mai ƙafa uku da zai riƙa jigilar ɗalibai a cikin makaranta, da shagon da hayarsa za ta riƙa biyan albashin tafinta.

Mazhabar Malikiyya ta yalwata wannan ƙofa fiye da yadda mutane suke zato. Ta halatta waƙafin abin da ake ɗauka, kamar littafi da abin hawa, kuma hujja ita ce sulkunan Khalid ɗan Walid da ya tsare saboda Allah. Ta halatta waƙafin kuɗi don a riƙa ba da rance. Ta kuma halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Mai gida kusa da ƙofar jami'a zai iya ware ɗaki ɗaya na ƙasa ya ce waƙafi ne ga ɗalibi gurgu tsawon shekara huɗu, bayan nan ɗakin ya koma hannunsa ko na magadansa. Sharuɗɗan da za a kiyaye su ne: a fitar da abin daga hannun mai shi a damƙa wa mai kula tun yana raye da lafiyarsa, domin idan ya rasu kafin a karɓa waƙafin ya ɓaci, a rubuta sharaɗinsa a kuma bi shi, sannan a fara cire kuɗin gyara daga amfanin kafin a raba, kamar yadda malamai suka tabbatar. Na'urar da ba a tanadar wa takarda da wuta da mai gyara ba, cikin shekara guda za ta koma kayan ajiya.

Wani alherin waƙafi shi ne faɗinsa. Jumhurun malamai ba sa ba wanda ba Musulmi ba zakkar talakawa, amma sun halatta masa amfana da waƙafi da sadaka. Ɗakin karatun makafi da aka yi waƙafinsa a makaranta zai iya karɓar kowane ɗalibi, in mai waƙafin bai taƙaita ba, kuma muna ba da shawarar kada a taƙaita.

Na uku, sadakar ganin dama. Amsar kwamitin masallacin da ya yi tambaya ita ce a'a, ba a gina gangare da zakka. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko hanya ko gada da ita, domin babu mallakawa ga mabuƙaci. Wasu malaman zamani sun faɗaɗa ma'anar tafarkin Allah, muna kuma girmama ijtihadinsu, amma gidauniya tana riƙe da dukiyar mutanen da mafi yawansu a kan mazhabar Malik suke, don haka mun zaɓi abin da babu saɓani a kansa. Gangare da gyaran wurin alwala da banɗaki a yi su da sadaka mai gudana, a kafa musu asusu na daban, kada kuɗin su cakuɗu da na zakka ko a littafi ko a banki.

Ladubban aiki

Mun ɗora wa kanmu waɗannan ƙa'idoji, muna kuma roƙon kwamitoci su ɗauke su.

1. A tambayi ɗalibin kafin a saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba kowane makaho ne ya iya rubutun makafi ba, musamman wanda ya makance da girma, kuma keken da ya dace da wani zai iya ji wa wani ciwo.

2. A yi magana da shi kai tsaye, kada a juya ga ɗan jagoransa ko tafintansa kamar shi ba ya wurin.

3. A rufa asiri. Takardar likita amana ce, mutum biyu ko uku na kwamiti sun isa su gan ta. Ba za mu ɗauki hoton ɗalibi yana karɓar kaya mu watsa ba, ba kuma za mu sa shi ya tsaya gaban jama'a yana godiya ba. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

4. A ɗauki nauyi har ƙarshe ko a faɗi iyakarsa tun farko. Yanke tallafi a shekara ta uku ya fi rashin farawa zafi.

5. A nemo ɗalibai mata da gangan. Yarinya mai naƙasa ita ce aka fi bari a gida, ita ce kuma ta fi jin nauyin zuwa ofis ta roƙa. A sa mata cikin masu tantancewa.

6. A yi aiki da ƙungiyoyin masu naƙasa, da sarakunansu na gargajiya kamar Sarkin Makafi, da sashen kula da harkokin ɗalibai na makarantar, domin sun fi mu sanin waɗanda suke shiru.

Abin da muke nema a gare ku

A ɓangarenmu, mun sake tsara takardar neman taimako, mun buɗe damar nema ta waya da saƙon murya, mun kuma mayar da karɓar baƙi ɗakin ƙasa. Daga bana za a riƙa nuna asusun zakka da na waƙafi da na sadaka a rarrabe a wannan babi, domin kowane mai bayarwa ya ga inda amanarsa ta tafi.

Ga kwamitocin masallatai, roƙonmu uku ne. Ku bincika unguwanninku ku rubuto mana matasa masu naƙasa da suka gama sakandare suka zauna, da waɗanda suka sami gurbi suka kasa tafiya. Ku duba ƙofar masallacinku da wurin alwalarku da idon mai keke, ku tambayi kanku ko kurman da yake sahu yana fita da wani abu daga huɗuba. Sannan ku nemi masu sa kai cikin ɗalibai da malaman da suka yi ritaya, waɗanda za su ba da awa biyu a mako suna karanta littafi ana naɗa, ko suna buga shi a kwamfuta. Wannan sadaka ce da ba ta buƙatar nisabi.

Ga masu bayarwa kuwa, wanda zakkarsa ta kai, ya sani ɗaya bisa arba'in ɗin nan tana iya zama kuɗin makaranta da kayan karatun ɗalibi mabuƙaci, kuma ta sauke masa farilla. Wanda yake da shago ko ɗaki ko fili, ya zo mu zauna da malamai a rubuta waƙafi, na dindindin ko na 'yan shekaru. Hadisin Muslim ya ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, cikinsu akwai sadaka mai gudana da ilimin da ake amfana da shi, kuma waƙafi a kan ɗalibi ya haɗa biyun.

Shi kuwa matashin da muka fara da labarinsa, ya karɓi kwamfutarsa bayan ya wakilta mu da bakinsa, yana nan yana karatu, kuma shi ne ya duba mana sabuwar takardar neman taimako kafin mu buga ta, ya gyara mana wurare da dama.

Abin da muka dace a cikin wannan darasi daga Allah ne, abin da muka kuskure daga gare mu ne, muna kuma maraba da gyaran malamai. Allah Ya karɓa daga masu bayarwa, Ya albarkaci abin da suka rage, Ya buɗa wa ɗalibanmu, Ya sa mu cikin masu tsare amana. Allah ne Mafi sani.

Sakataren Gidauniya,
a madadin Kwamitin Amintattu